Motar Burodi ta Sirkka

A tseren ƙarshe na shekarar, wanda ake yi kafin sanyi ya rufe filin, Sirkka ta ci zagayenta amma ta kasa fitowa daga mota.

Mijinta Tarmo yana tsaye a layin tashi lokacin da fitilar nasara ta kama a ɓangarenta. Ya hau ɗan babur ɗinsa ya bi gefen kwalta zuwa ƙarshen filin, inda motoci ke tsayawa bayan sun gama gudunsu na mita ɗari huɗu. Tun daga nesa ya ga abin da bai saba gani ba. Abokin karawarta ya riga ya fito yana naɗe lemar da ke buɗewa a baya ta tsayar da motarsa, ita kuwa jar motarta tana nan a rufe. Shekara talatin da 'yan kai suna wannan harka, shi yana ɗaura inji ita tana tuƙi, bai taɓa isowa ya tarar da ita a ciki ba. Kullum a kan bonet yake samunta, tana kaɗa ƙafa, tana jiran ta gaya masa abin da bai ɗaure daidai ba.

Ya buɗe ƙofar. Ta riga ta kwance bel, ta cire hular kwano, furfurarta ta jiƙe sharkaf da gumi. Ƙafarta ta hagu tana maƙale a bayan bututun ƙarfen da ya gitta bakin ƙofa, kamar ba tata ba.

"Kada ka tsaya kana kallona kamar saniya," in ji ta. "Ɗaga min ita."

Ya ɗaga ta hagun ya fitar, ta daman ma ta ƙi ɗaukar nauyinta. Ƙarshenta sai da ya ciccibe ta gaba ɗaya ya zaunar da ita a kan babur. Direbobin da ke wurin kowa ya sami abin yi: wani ya duƙa yana duba taya, wani ya juya yana kallon gonar sha'ir. Mutanen yankin sun iya kau da kai, kuma ranar Tarmo ya gode musu a ransa.

Ciwon ya fara ne shekara biyu da suka wuce, daga yatsun ƙafar hagu. Shi ya raba ta da tankar madarar da take tuƙawa tun tana budurwa. Likitoci a garin Seinäjoki sun ba shi dogon suna, suka ce ciwon jijiya ne mai hawa a hankali, kuma ba ya komawa baya. Sirkka ta ce to ya yi ta hawa, ita dai ba ta ce ta sauka daga mota ba.

Da yamma, ana ta haɗa kaya, Reijo ya zo wurin tirelarsu. Shi ne ke duba motoci kafin a bar su su shiga tsere, kuma ajinsu ɗaya da Tarmo a makarantar ƙauye. Ya karɓi kofi, ya yi maganar ruwan sama, ya yi maganar girbin dankali, sannan ya ja hannun rigar Tarmo alamar su koma gefe.

"Da ni za ka yi magana, Reijo," in ji Sirkka daga kujerarta. "Ni ce mai ƙafar."

Reijo ya dawo ya tsuguna a gabanta, yana jujjuya kofin a hannu. "Kin san doka, kin ma fi ni saninta. Idan wuta ta tashi a ƙarshen filin nan, kafin a iso ki an makara. Dole direba ya kwance kansa ya fito da kansa, nan take. Yau na yi kamar ban gani ba. Baɗi ba zan iya ba."

"Wato ka kore ni ke nan."

"Ban ce ba. A mayar miki da totur da birki hannu, wannan an yarda da shi. Amma fitowar, sai na gani da idona."

"To za ka gani. Sha kofinka, ya huce."

Tarmo mutum ne da ba ya magana sai ya auna. Gyaran tarakta da injin girbi ne sana'arsa, kuma haka yake ɗaukar kowace matsala: a kwance ta, a jera a kan tebur, a ga abin da ya karye. Ya yi kwanaki yana zagaya jar motar da tef a hannu. Tsohuwar motar Amurka ce, cikinta kusan yana shafar ƙasa, ga kejin ƙarfen da ke kare direba ya cika ta ta ko'ina. Duk ta inda ya auna, amsar ɗaya ce.

Ya bari sai da suka zauna cin abinci, miyar kifi da dankali, da baƙin burodi.

"Injin lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Bodin ne ba zai yi ba."

"Me ya samu bodin?"

"Babu abin da ya same shi. Ya yi ƙasa da yawa. Ko mai lafiyar ƙafa sai ya nannaɗe kansa kafin ya shiga. Mai dogon rufi muke bukata, yadda za ki zauna a miƙe. Mai ƙofa biyu, don ita ta fi faɗin baki. Kujera daidai tsayin keken guragun da kike hawa yanzu, ki zame kawai. Kuma wadda shasinta daban bodinta daban, in yanka inda nake so ba tare da komai ya lanƙwashe ba."

"Akwatin dankali kake siffantawa, tsoho."

"Akwatin dankali mai injinki a ciki."

"In shiga fili cikin akwati, yaran nan su yi ta yi min dariya?"

"Su yi mana. Ai bayanki za su gani suna yi."

Ta ture kwanon gefe. Sai washegari da safe, yana ɗaure takalminsa, ta ce daga ɗaki, "Kira Veikko. Ka ce masa muna zuwa ran Asabar, ya ɗaure karen nan nasa."

Veikko yayanta ne. Bai taɓa aure ba, kuma a bayan gidansa, bakin daji, ya tara matattun motoci fiye da abin da shi kansa zai iya lissafawa. Ranar da suka je dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, ta yi wa kowace mota farar hula. Tarmo yana tura keken a kan katakan da Veikko ya shimfiɗa musu tun da asuba, Sirkka kuwa ta ɗora sandunanta a cinya tana duba hagu da dama kamar mai sayen doki.

"Mece ce waccan da ka lulluɓe?" Ta nuna wata doguwar mota a ƙarƙashin sabon tamfol.

"Ba komai," in ji Veikko. "Tarkace ne."

"Tarkace mai labule? Ga shi can ina hango shi ta gilashin baya. Tarmo, ɗaga."

Tarmo ya ɗaga. Baƙar motar ɗaukar gawa ce, tsaf da ita, ko tsatsa babu. Sirkka ta fashe da dariya har sai da tari ya sarƙe ta.

"Ga dogon rufi, ga ƙofa mai faɗi, ga wurin kwanciya in na gaji! Auna ta mana, tsoho, me kake jira?"

Babu wanda ya taya ta dariyar. Veikko ya ja tamfol ɗin ya mayar, kunnuwansa sun yi ja.

"Kai, ku maza ba ku da raha," in ji ta tana share hawayen dariya. "Mu je."

A cikin rumbun katako, inda ruwa ba ya taɓa ta, akwai motar da kowa a dangin ya san labarinta. Shuɗiya ce, doguwa, rufinta ya zubo baya kamar igiyar ruwa. Wani matuƙin jirgin ruwa ne ya kawo ta daga Amurka tun suna matasa. Shekara da shekaru Sirkka tana roƙon yayanta ya ba ta bodin ta yi tsere da shi, yana cewa sai bayan ransa, ba za a yanka masa wannan ba.

Veikko ya share ƙurar bonet da hannun rigarsa. Ya yi gyaran murya. "In kina so, ɗauki."

Sirkka ta ɗago ta dube shi.

"Na ce ki ɗauka. Zama kawai take yi a nan, ɓeraye na cin kujerunta."

"Veikko, tun ina da baƙin gashi nake binka a kan motar nan. Yau kuma kyauta? Likitana ya kira ka ne?"

"Haba, ƙanwata."

"Buɗe min ƙofar."

Tarmo ya san abin da tef ɗinsa zai faɗa tun bai ciro shi ba, don haka ya bar shi a aljihu. Shiga ba ta yi wuya ba, faɗawa ne kawai. Ta zauna can ƙasa, ta kama siririn sitiyarin da hannu biyu, ta miƙa wuya tana kallon dogon bonet ɗin. Fuskarta ta sauya, ta koma irin ta yarinyar da ya fara gani a gidan rawa tana gardama da maza a kan kabureta. Ta daɗe a haka, su kuma suna tsaye suna hura hannuwa.

"To," in ji ta. "Kada wanda ya taɓa ni."

Ta fitar da ƙafa ɗaya da hannu, ta fitar da ɗayar. Ta kama bakin rufin ta ja jikinta sama, kanta ya bugi ƙarfe, ta koma. Ta sake. Ta dafa kujerar da gwiwar hannu, ta kai rabi, ƙafafun suka zame a kan daɓen da sanyi ya daskarar, ta zube rabi a ciki rabi a waje. Karen Veikko yana ta haushi daga nesa. Tarmo ya cusa hannuwansa cikin aljihu ya damƙe, don ya san in ya fitar da su zai ɗauke ta. Ta gwada sau ɗaya kuma, sannan ta kwantar da kanta a jikin ƙofar tana haki.

"Kuma babu keji a ciki tukuna," in ji ta a hankali, ba tare da ta kalli kowa ba. "Ɗauke ni, Tarmo."

A hanyar komawa ne Tarmo ya tsayar da keken a gaban wadda shi ya riga ya gani tun shigowarsu. Tsohuwar Volvo ce ta raba kaya, mai ƙofa biyu a gaba da biyu a baya, rufinta dogo, gefenta a rufe ba taga. Gidan burodin ƙauyensu ne ya yi aiki da ita har ya rufe. Fentin ya koɗe ya koma launin ruwan shayi, amma har yanzu ana ganin zanen ƙaton burodi mai kitso a jikinta.

"Wannan?" in ji Veikko. "Suruki, ko iska sai ta tsaya ta zagaye ta. Rumbu ne mai taya."

"Tana da shasi," in ji Tarmo. "Ƙarfenta mai kauri ne. Nauyinta yana baya, inda taya ke son shi. Kuma duk abin da ya ruɓe a jikinta, kana da uku irinsa a dajin nan."

Ya ja ƙofar, ta yi ƙara ta buɗe har ƙarshe. Ya matsar da keken jikinta. Kujerar da keken tsayinsu ɗaya, kamar an auna. Sirkka ta dafa, ta zame, ta shiga. Ta kama madaurin da ke sama, ta zame, ta fito. Ta sake shiga. Cikin motar yana warin ɓera da tsohon gari. Ta waiwaya sau ɗaya wajen rumbun da shuɗiyar take.

"A wannan aka kawo kek ɗin bikinmu," in ji ta. "Ya iso a karkace. To, ku ɗora min motar burodin. Amma zanen nan ba za a goge shi ba."

Wannan hunturu shi ne mafi daɗi da suka yi tun zuwan ciwon. Rana tana leƙowa ta koma, su kuwa suna gareji, murhu yana ci, rediyo yana ta surutunsa. Tarmo ya ɗaga bodin daga kan shasi, ya yanke bayan don manyan tayoyi su sami wuri, ya ja injin baya kaɗan. Ya yi waldar keji, amma bututun bakin ƙofa sai ya yi masa hinji da sakata, yadda zai buɗe tare da ƙofar. Ya mayar da totur da birki kan sanda ɗaya a hannun dama: a tura, a ja. Ya sa mariƙi a sama, wani a jikin ƙofa. Sirkka tana zaune kusa da murhu da bargo a ƙafa, tana tsefe wayoyi, tana kushe duk abin da ya yi.

"Waldar nan taka kamar kashin kaza."

"Ba za ta saki ba."

"Ban ce za ta saki ba. Na ce mummuna ce."

Veikko yakan zo ran Lahadi da ƙofa ko murfin taya a bayan motarsa, da burodi mai zaƙi a leda. Kullum sai ya tambaya ko za a riƙa raba wa 'yan kallo burodi a kan hanya. Kullum sai ta ce za ta ajiye masa guda, tunda shi ko a ƙafa ba ya cin tsere.

Da aka ɗaure kujera, sai ta fara gwaji. Kowace rana bayan kofin azahar takan sa rigar wuta, wato wadda wuta ba ta ci, da safar hannu, da hular kwano. Tarmo ya ɗaure ta da bel, ya rufe ƙofa, ya buga tafi. Ta murɗa makullin bel ɗin, ta zare sakata, ta ture ƙofa, ta kama mariƙi, ta jefa kanta kan katifar da ya shimfiɗa a ƙasa, ta mirgina. Da farko abin ba kyan gani. Kafaɗunta suka yi shuɗi-shuɗi, a sauna, ɗakin wankan tururi, yana shafa mata man zafi tana zaginsa. Amma kafin ƙarshen Fabrairu ta ƙware. Tafin bai gama amsawa a rufin gareji ba take isa ƙasa.

"Kira Reijo yanzu!" in ji ta ranar, tana kwance a katifa tana dariya cikin hula. "Ka ce ya zo da agogonsa da tabaransa!"

A watan Maris ne Tarmo ya lura ta fara riƙe kofi da hannu biyu.

Ya ce wa kansa sanyi ne. Bayan kwana kaɗan ya ga ta bar maɓallin rigarta na sama a buɗe, ita da ba ta son iska a wuya. Sannan ya tarar da kwalbar jam ɗin shafa wa burodi a kan tebur da murfinta, an yi ta ƙoƙari an bar ta, wuƙa a gefe. Ya buɗe ta, ya mayar da murfin sako-sako, ya fita.

Ranar ya tafi gareji shi kaɗai, ya kwance sandar totur, ya sa mata sifirin mai laushi. Ya ƙara wa sakatar ƙofa tsawo. Ya yi waldar ɗan ƙarfe a kan makullin bel, yadda ko da gefen hannu za a iya murɗa shi. Washegari da ta zo gwaji, ta taɓa sandar, ta tura, ta ja. Ta kalli sabon ƙarfen da ke kan cikinta. Ta ɗago ta dube shi ta cikin gilashin hular, shi kuma ya duƙa yana neman sifana da ke hannunsa.

"Buga tafin," in ji ta kawai.

Haka suka yi ta yi har ƙanƙara ta narke. Hannun yana raguwa, shi yana sassauta ƙarfe. Wani lokaci yana tsakiyar aiki sai ya ajiye kaya ya fita bayan gareji ya tsaya yana kallon gonaki har sanyi ya kore shi. In ya dawo takan ce, "Fitsarin naka ya yi yawa kwanan nan, tsoho," shi kuma ya ce tsufa ne.

Tseren farko ya faɗo a farkon Yuni. Da suka sauke motar daga tirela, filin ya ɗauka. Aka taru ana dariya ana ɗaukar hoto. Wani ya ce a ba shi burodi biyu, wani ya ce ashe Sirkka ta koma kasuwanci. Amma tsofaffin hannu suka durƙusa suka leƙa ƙarƙashinta, suka tashi suna gyaɗa kai, wani ma ya dafa kafaɗar Tarmo. Sirkka tana kan kekenta cikin rigar wuta, tana mayar wa kowa da martani daidai da shi.

Reijo ya duba keji, ya duba tankin mai, ya ja bel, ya gwada sakatar ƙofa har sau uku. "Aiki ya yi kyau," in ji shi. Sannan ya roƙi mutane su ba su wuri.

Tarmo ya ɗaure ta. Da yake jan bel ɗin ya ji numfashinta yana fita da sauri. Ya rufe ƙofar ya ja baya. Reijo ya ɗaga hannu, ya sauke.

Ta gilashi Tarmo yana ganin hannunta na dama ya tashi ya sauka a kan makullin. Ya tura. Makullin bai motsa ba. Ta kawo na hagu ta ɗora a kai, safar ta zame. Jiya ma ta murɗa shi, da ƙyar, amma ta murɗa.

"Ban shirya ba," in ji Reijo da sauri. "Agogon ne bai tashi ba. A sake."

Aka sake. Wannan karon makullin ya buɗe, amma da ta miƙa hannu ga mariƙin sama, yatsun suka ƙi rufewa a kansa. Suka taɓa shi, suka sauko. Ta sake miƙawa, suka sake saukowa. Reijo ya juya baya ya durƙusa a gaban tayar da ya riga ya duba, ya daɗe yana shafa ta.

"Reijo," ta kira shi daga cikin hular. "Tashi, za ka ɓata wandonka. Ya isa."

"A bari sai an jima. Ki huta, ki sha wani abu, rana ce ta yi..."

"Na ce ya isa. Ba sai ka faɗa ba, na faɗa maka. Je ka, mutane na jiranka."

Reijo ya miƙe, ya cire hularsa ya mayar, ya tafi ba ta hanyar da mutane suke ba.

Tarmo ya zo ya tsuguna a bakin ƙofar. Ya fara cewa zai iya sauko da mariƙin, zai iya sa igiya a wuyan hannu, zai iya—

"Tarmo. Babu sauran abin da za ka sassauta." Ta kalli maɓallin tayar da injin. "Tayar min da ita."

Ya danna maɓallin. Injin ya yi tari ya kama, ƙasa ta ɗauki rawa, tsohon bodin yana kaɗawa kamar zai zubar da zanensa. Ta ɗora tafin hannu biyu a kan sandar, ta jingina nauyinta ta tura. Ƙarar ta tsaga filin, duk wanda ke kusa ya toshe kunne. Ta tura sau biyu, sau uku. Sannan ta gyaɗa masa kai ya kashe. Da ya cire mata hular, fuskarta a jiƙe take, bai tambaya ko gumi ne ba.

Sun ɗora motar sun fita kafin a fara. Suna bakin ƙofar filin suka ji motoci biyun farko sun tashi a bayansu. Sirkka ta saurara har ƙarar ta mutu.

"Na hagu ya makara," in ji ta.

Motar ta koma gareji, Tarmo ya lulluɓe ta. Yakan ce akwai wani sabon magani da ake gwadawa, a bar ta a haka tukuna. Kafin Agusta Sirkka ta koma keke mai batir, mai nauyi, wanda ba ya shiga but ɗin ƙaramar motarsu. Duk zuwa asibiti sai ya ciccibe ta daga keke zuwa kujera, ya naɗe tsohon keken ya cusa a baya, in sun isa ya sake ciccibarta a gaban jama'a. Bayansa ya fara ciwo, yana ɓoyewa. Ita kuwa ta daina son fita.

Wata rana da hantsi ta ce ya kai ta gareji, ya yaye tamfol. Ta sa ya buɗe ƙofofin baya biyu. Ta daɗe tana kallon cikin, inda bututun keji suka gitta ta ko'ina.

"Yanke su."

"Me?"

"Kejin. Ka fitar da injin, ka mayar da daɓen baya. Keken nan zai shiga da ni a kai, ko sunkuyawa ba zan yi ba. Dubi tsayin rufin."

"Ba ta taɓa gudu ba, Sirkka. Ko sau ɗaya."

"Na sani. Ina wurin."

"Hunturu guda na yi a kanta! A samu wani ya tuƙa ta, ko sau ɗaya ne, ki gani da idonki."

"Kujerar a jikina ka auna ta, wa za ta ɗauka? Kuma ba na son in ga bayan wani a cikinta." Muryarta ta yi ƙasa. "Na gaji da ɗauka, Tarmo. Ina so in je bakin teku. Ina so in je gidan Veikko in zage shi a gidansa. Kai ka ce mai amfani za mu zaɓa. To ga amfanin."

Ya fita ya bar ta a wurin, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi tafiya har ƙarshen gonar maƙwabci ya dawo. Da ya shigo tana nan inda ya bar ta. Ya wuce ta, ya ɗauko injin yanka ƙarfe, ya sa tabarau. Ya fara da bututun bakin ƙofa, mai hinji, wanda ya fi cin lokacinsa. Tartsatsi yana tashi, tana kallo. Ba ta kushe komai ba ranar.

Veikko ya ji labari. Bai yi tambaya ba, sai ga shi da ƙaramin injin motar na asali a bayan tirela, da daɓen baya da ya yanko daga wata 'yar'uwarta a daji. Su biyu suka yi aikin har ganye ya fara zuba, kusan ba magana. Babban injin suka ɗora a kan ƙarfe a lungun gareji, suka rufe shi da bargo. Suka yi gangare na almini mai naɗewa, suka sa ƙugiya huɗu a daɓe don riƙe keken, suka yanka taga ɗaya a gefen da babu zane. Aka kai ta wurin masu duba motocin hanya, aka ba ta lamba.

Fitarsu ta farko bakin teku suka nufa. Sirkka tana baya a kan kekenta, kanta a miƙe, yana ganinta ta madubi. Hanyar ta ratsa gonakin da aka girbe, miƙaƙƙiya, babu kowa a kanta sai hankaki.

"Taka ta," in ji ta.

Ya taka har ƙasa. Ƙaramin injin ya yi ta kuka, motar tana ƙara gudu a hankali kamar mai hawan tudu, iska tana dukan gabanta. Wata babbar motar katako ta taho daga baya, ta yi musu fitila, ta wuce su.

Sirkka ta yi dariya, irin wadda yanzu ba ta da ƙarfin fitowa sosai. "Kai, abin kunya. Kada ka gaya wa kowa."

"Ba zan faɗa ba."

"Kada ka ɗaga ƙafa dai."

Bai ɗaga ba. Da ya sake duba madubin ta rufe ido, kanta yana kaɗawa tare da motar.

Hunturu biyu motar ta yi mata aiki. Ta kai ta asibiti, ta kai ta gidan Veikko, ta kai ta bakin teku har lokacin da ruwan ya daskare. Filin tsere ne kawai ba ta yarda a bi ta kusa da shi ba. Ta rasu a gida, da rana tsaka, a watan da ƙanƙara ke narkewa, Tarmo yana zaune kusa da ita yana yanka mata farce.

Bai cire gangaren ba. Mutanen ƙauyen sun san haka, don haka in wani yana da tsohuwa a keke da za a kai asibiti ko coci, sai a buga masa waya. Yakan zo kafin lokaci, ya sauke gangaren, ya ɗaure keken da ƙugiya huɗu, ya ja kowace ya tabbatar. Ba ya karɓar komai sai kofi, kuma ba ya hira a hanya.